Ki Koyi Yaren Uwar Mijinki

Clinton, Maryland

Zuwa ga 'yata Na'omi,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mijinki Pita. Allah ya kiyaye tashinku da saukarku, ya kai ku Beljiyam lami lafiya, ya sa ƙafarki ta zama ta alheri a gidan da za ki shiga.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali daga nan zuwa Springfield inda kuka sauka bayan biki ba wata tafiya ba ce. To, na gwada yi miki maganar nan da baki har na gaji. Duk sanda na fara sai ki amsa da Turanci, ni ma in bi ki, kafin in ankara zancen ya koma na akwatuna da rigunan sanyi. Shi ya sa na zauna na rubuta, kuma da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ta ba ki wahala. Ki karanta a fili, kunnenki ya fi idonki saninta.

Ranar da kuka zo cin abinci, babanki ya tambaye ki ko kin fara koyon yaren su Pita. Kika ce, "Baba, ai can kowa yana jin Turanci, ga kuma Faransancin da na yi a makaranta. Ba wata matsala." Pita ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai yana juya cokali cikin shinkafa. Ke ba ki lura ba. Ni na lura, domin na san murmushin nan. Tun kafin a haife ki nake ganinsa a fuskar babanki.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Inda na yi tuntuɓe zan nuna miki, ke ki ɗaga ƙafa.

Kin san ni 'yar Wusasa ce. A gidanmu Hausa ce komai, da ita muke addu'a, da ita muke waƙa a coci, da ita ake yi mana faɗa. Duk harshen da ba Hausa ba kuma ba Turanci ba, yare muke ce masa, kuma akwai yadda muke ɗan taɓe baki in za mu faɗi kalmar. Da wannan bakin na tafi Jos karatun nas. A can na haɗu da babanki yana koyarwa a sakandare, Hausarsa tas, har na manta Ba'angashe ne. Sai da ya kai ni Pankshin gaida mahaifiyarsa na tuna.

Kakarki ba ta jin Hausa sai 'yar ta kasuwa. Ta taho daga gonar acca da ƙasa a ƙafarta, ta kama hannuwana biyu ta ce, "Kai ya zo lafiya? Kai ya ci abinci?" Na amsa da ladabi. Amma da ƙannena suka zo ganin ɗaki bayan biki, na zauna a tsakar gida ina kwaikwayonta, muna dariya har da hawaye. Ashe tana bayan rumbu tana aikinta. Ba ta kai ƙarata wurin ɗanta ba. Abin da ta yi kawai, daga ranar ba ta sake yi mini Hausa ba. In na gaishe ta, ta ɗaga hannu ta yi murmushi. Duk lokacin girbi ta aiko mini da acca da man atili har Jos. Haka muka zauna har ta koma ga Ubangiji, ban taɓa jin labari ko ɗaya daga bakinta ba.

Da aka haife ki ta sa miki suna Nenrit. Na ce wa babanki sunan ya yi mini nauyi a baki, a bar shi can ƙauye. Ni da na haddace sunayen magungunan Turawa masu tsawon igiya, wannan ne ya yi mini nauyi.

Uwar Pita za ta yi miki Turanci don ta kyautata miki, kuma zai fito a karye. Kada ki gyara mata. Kada ki kwaikwaye ta ko daga ke sai mijinki a ɗaki, ko da shi ya fara. Wanda ya ajiye harshensa ya lallaɓo da naki, daga kujerarsa ya sauko ya zauna a tabarma saboda ke. Ke ma ki sauko. Ki yi mata nata a karye, a yi miki dariyar, ba ta kashe mutum.

Ban tsaya a kan tsohuwar ba. A Jos, in 'yan'uwan babanki sun zo suka juya harshe, sai in ji kamar da ni ake. Wata rana bayan sun tafi na tare shi na ce, "Baban Na'omi, in dai ina falon nan a yi Hausa. Ba na son a sayar da ni ina zaune." Ya dube ni ya ce, "To." Kin san babanki, mutum ne mai "to". Ban san "to" ɗin nan zai biyo mu har Amurka ba. Kin taso kina ganin duk Lahadi bayan coci yakan ɗauki waya ya fita ya zauna cikin mota a ƙofar gida, ko da ƙanƙara na zuba. Ke da ƙanenki kuna tsokanarsa wai ya fi son motar da mu. Ƙanwarsa yake kira a Pankshin. A cikin motar nan ne kawai yake magana kamar ɗan uwarsa.

In dangin Pita sun taru suka tsunduma cikin yarensu, za ki ji kamar an rufe ƙofa an bar ki waje. Ba da ke ake ba, galibi zancen dankali ne da ciwon gwiwa. Ki yi haƙuri ki zauna, ki tsinci kalma ɗaya yau, ɗaya gobe. Kada ki kafa doka. Dokar da aka kafa a shekarar farko ta aure, mai haƙuri zai bi ta har tsufansa, kuma ba za ki taɓa sanin abin da ta ci masa ba.

Sai muka zo ƙasar nan kina 'yar firamare. Malamarki ta kira ni ta ce ba kya magana a aji. Ba ta ce in hana ki Hausa ba, kada in ɗora mata abin da ba ta yi ba. Ni ce na dawo gida a tsorace na ce daga yau sai Turanci. Lokacin ina haɗa duti biyu, ina karatun jarrabawar lasisi, ba ni da ƙarfin dogon tunani. Akwai ranar da kika shigo da gudu kina cewa, "Mama, zo ki ga wani tsuntsu ja!" Na ce, "Da Turanci." Kika tsaya kika dube ni, kika juya kika koma waje. Ban ga tsuntsun ba. Dabarata ta yi aiki kuwa, kafin shekara ta zagayo ba mai bambanta bakinki da na 'yan ƙasa. Abin da na yi wa kakarki da babanki, shi na yi wa kaina da hannuna.

Duk waɗannan ban ɗauke su kuskure ba sai da na shiga gidan Mista Yoris. Kin san ƙarshen labarin tunda a can kika samo miji. Amma ba ki san farkonsa ba, kuma akwai maganar da aka yi a ɗakin nan da ba ki ji ba.

Kamfanin jinyar gida da nake wa aiki ne ya tura ni. Gida ne babba kusa da kogi, ta wajen Fort Washington. Tsoho ne ɗan Beljiyam, injiniya, ya yi aiki a Washington har ya yi ritaya, sai ɓarin jikinsa ya shanye. Matarsa Madam Odet, 'yar ƙaramar tsohuwa mai abin ji a kunne, kullum da jan baki, ta tare ni a ƙofa ta sumbace ni a kumatu kamar ta san ni. Ta ce da Turanci, "Maganarsa ta tafi. Surutu kawai yake yi, kada ki damu da shi."

Na same shi a keken marasa lafiya gaban taga. Ya dube ni ya yi magana mai tsawo. Na yi jinyar masu irin ciwonsa da yawa, na san sambatu, wannan kuwa ba sambatu ba ne. Yana da hawa da sauka, kuma yakan tsaya ya jira amsa. Na ce a raina Turancin ne ya gudu, ya koma harshen gida. A sanina ɗan Beljiyam Faransanci yake yi. Na yanke cewa bakinsa ne ya karkace, ita kuma kunnenta ya yi nauyi, shi ya sa ba ta kama shi. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauko Ramatu, abokiyar aikina 'yar Maraɗi da ta iya Faransanci kamar ruwa, ina jin kaina na yi abin kirki.

Ramatu ta durƙusa ta gaishe shi da Faransanci. Ya dube ta, ya mayar mata da wata magana a taƙaice, ya juya fuskarsa ga taga ya rufe ido. Ranar ko ruwan miya bai karɓa daga hannuna ba. Ramatu ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, wannan ba Faransanci ba ne. Ko kalma guda ban tsinta ba."

Ki riƙa tambaya kafin ki kai taimako, Na'omi. Ni nan na kai wa mara lafiya abin da ya fi ƙi, da zuciya ɗaya.

Bayan Ramatu ta tafi, Madam Odet ta zaunar da ni a kicin ta zuba mini kofi. Ta daɗe tana goge tebur da ba shi da datti, sannan ta ce, "Rifkatu, na san abin da yake yi. Filamanci ne. Tun ranar farko na sani. Kunya ce ta sa na ce wa likitoci surutu ne."

Na ce, "Mene ne Filamanci, Madam?"

Ta ce, "Ƙasarmu kamar jihar nan take a girma, amma mutum biyu ne cikin riga ɗaya. A arewa Filamawa, yarensu da na mutanen Holan ɗaya ne kusan. A kudu mu Walonawa, muna Faransanci. Ni 'yar kudu ce, shi ɗan arewa."

Ta ce a zamanin iyayensu Faransanci ne harshen alƙali da likita da hafsan soja da duk wani mai takalmi mai ƙyalli. Filamanci kuwa na manoma ne da 'yan aikin gida. Arzikin yana kudu, inda ake haƙar kwal da narkar da ƙarfe, Filamawa ne ke gangarowa neman aiki a ramukan. Uban Yoris yana cikinsu. Uban Odet kuwa akawu ne a ofishin kamfanin, a sama, inda ba ƙura. Yoris ya taɓa gaya mata cewa a makarantar da ya yi, yaron da aka kama yana Filamanci a filin wasa hukunta shi ake yi. Ya dage ya koyi Faransanci har ya fi masu shi. Ranar da ya je neman aurenta, ubanta ya ce, "Na ba ka, amma a teburina ba a maganar barga." Yoris ya amince.

Na ce, "Ke fa Madam, ba ki koyi nasa ba?"

Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Don me zan koya? Ai shi ya iya nawa."

Da Turanci ta faɗa, da bakin Baturiya, amma muryata na ji.

Ta ce daga baya duniya ta juya. Ramukan kwal suka rufe, arziki ya koma arewa. Yanzu Filamawa na cewa su ke ciyar da kudu, Walonawa na cewa an manta lokacin da kowa ke ci daga hannunsu. Kowane ɓangare da talbijin ɗinsa da jaridunsa da makarantunsa da jam'iyyunsa. Gari ɗaya suna biyu, kana cikin tuƙi allon hanya ya canza maka suna ka ɗauka ka ɓata. A lokacin ma ƙasar ta fi shekara ba a kafa sabuwar gwamnati ba don sun kasa jituwa, tana kallon labarin a kwamfuta tana tsaki. Ta ce, "Mu muna sumba, muna surutu, abincin rana ya kai mu yamma. Su sai su miƙa maka hannu, su duba agogo, su koma share ƙofar gida. Uwarsa in ta zo gidanmu a bakin kujera take zama, jakarta a cinya, ba ta cewa komai. Na ɗauka ba ta sona. Sai yanzu nake tunanin ko ba ta da wanda za ta yi wa magana ne."

'Ya'yansu biyu Faransanci da Turanci kawai suka taso da su. Ke nan a gidan da mutumin nan ya gina, cikin matarsa da 'ya'yansa da jikokinsa, ba mai jin abin da yake faɗa. Akwai kalma ɗaya da ya fi maimaitawa in ina gyara masa kwanciya: "Mu. Mu." Kunnena na Bahaushiya ya ɗauka tamu ce, sai in ce, "I, Baba, mu ne, muna nan."

Shi ne na kira ki, kina shekararki ta farko a jami'a, na ce ki nemo mini ko wane ne mai jin yaren nan. Kika zo da wani dogon ɗalibi mai karatun digiri na biyu, ya iso daidai lokacin da aka ce, ya miƙa wa kowa hannu. Pita ke nan. Ya jawo kujera gaban tsohon ya gaishe shi. Na'omi, na ga fuskoki da yawa a aikin nan, ban taɓa ganin wadda ta buɗe irin wannan ba. Tsohon ya damƙe hannun Pita da hannunsa mai lafiya ya yi ta zuba, har shayin da aka kawo ya huce. Sai na aike ki kicin ɗumama miya. Abin da ya biyo baya ba ki ji ba, kuma na san Pita bai gaya miki ba, ba halinsa ba ne.

Madam Odet ta ce, "Me yake cewa?"

Pita ya ce yaren ƙauye ne, irin na kakarsa. Tsohon yana zancen tantabarun ubansa, da wata saniya da ta faɗa rafi, da wani ɗan'uwansa da suka yi faɗa kan keke.

Na ce, "Wannan 'mu' ɗin fa?"

Ya ce, "Ma'anarta biyu. Tana nufin na gaji. Kuma haka yaran ƙauye ke kiran uwa. Ban san wadda yake nufi ba."

Madam Odet ta gyara zama ta ce, "Ni fa? Ya ambace ni?"

Kunnuwan Pita suka yi ja. Ya ce tsohon yana tsalle daga wannan zance zuwa wancan. Ta ce, "Saurayi, na tsufa da a lallashe ni. Faɗa mini."

Ya ce, "Ya ce matar nan tana da kirki, tana kula da shi ƙwarai. Ya tambaye ni ko na san abin da ya sa ba ta magana."

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga bayi, ta daɗe, ta fito da sabon jan baki ta tambaye mu ko miya ta yi zafi.

Daga makon ta fara koyo, tana dab da shekara tamanin. Pita yakan zo duk Asabar, ke kuma kika zama direbansa ba wanda ya roƙe ki. In ya gama hira da tsohon sai ya zauna da ita a kicin, yana faɗa tana maimaitawa. Akwai wani sauti da suke fitarwa daga maƙogwaro, ya yi ta ba ta tari. Abin da ta riƙe yau, gobe ya zube. Da ƙyar ta kama gaisuwa, da "ka ci abinci", da "ni ce matarka". Wata safiya ina shirya magani ta zo ta zauna gaban mijinta ta faɗi ta ƙarshen. Ya dube ta ya daɗe. Sai ya yi dariya da rabin bakinsa, ya gyara mata yadda ake faɗa, ya sa ta maimaita. Ta maimaita. Daga nan ya kama hannunta ya shiga yi mata magana, doguwa, a hankali, wani wuri ya yi murmushi, wani wuri muryarsa ta yi rawa. Tana gyaɗa kai. Ta ɗago ta dube ni ta saman kafaɗarsa, na gane ko kalma ɗaya ba ta ji ba.

A kicin ta ce mini, "Shekara hamsin duk wannan maganar tana cikinsa, Rifkatu. Da wa yake yinta?" Ina tunanin wata mota ce a ƙofar wani gida a Clinton.

Mista Yoris ya rasu lokacin da ganye ke zuba. Ta sayar da gidan ta koma wurin 'yarta, ban sake ganinta ba.

A ranar da ta yi mini tambayar nan, na dawo gida na sami babanki yana cin tuwo. Ko jaka ban ajiye ba na ce, "Baban Na'omi, ka koya mini Angasanci." Ya tsaya da loma a hannu ya ce, "Yanzu?" Na ce yanzu. Ya ce, "Me za ki yi da shi? Wadda za ku yi da ita ta tafi." Ba da fushi ya faɗa ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Na ce to aƙalla ya riƙa kiran ƙanwarsa a falo, na janye maganata. Ya ce, "Na saba da motar." Har yau can yake zuwa. Ya koya mini gaisuwar safe dai. Nakan yi masa, ya amsa da Hausa.

Abin yana da lokaci, 'yata. Ki koya yanzu da harshenki yake da taushi, kuma yanzu da Pita yake marmarin ki koya. Akwai ranar da mutum ke daina jira, kuma ba ya sanarwa. Ki shiga aji da zarar kun sauka a Gent, garin su Pita, kada ki ce sai kin huta, sai kin sami aiki, sai kin haihu. Ni ma da "sai" na kai wannan shekarun.

Sannan kada ki ɗauki gabar da ba taki ba. A teburin surukanki za ki ji ana yi wa Walonawa ba'a, wai malalata ne, sai ci da hira. Kada ki taya dariya don a so ki. In kin gangara kudu za ki ji ana cewa Filamawa masu rowa ne da girman kai, nan ma ki riƙe bakinki. Faransancinki zai yi miki amfani a Brussels da kudu. A garin mijinki kuwa kada ki fara da shi, ki fara da nasu komai ƙanƙantarsa, in ya ƙare ki nemi izini ki koma Turanci. Madam Odet ba muguwa ba ce, kamar yadda nake fatan ni ma ba muguwa ba ce. Sauƙi ne ya cuce mu. Wanda harshensa ke sama ba ya jin nauyin komai, wani ne ke ɗauke masa kayan, shi yana tafiya hannu sake yana ganin hanya ba wuya. Mu da muka zauna Jos mun san inda "su" da "mu" ke kai gari. Na Beljiyam da baki da takarda suke nasu, Allah ya bar su a haka.

In Allah ya ba ku 'ya'ya, ki bar ubansu ya yi musu nasa, ke ki yi musu 'yar Hausar da ta rage miki. Kan yaro ba ƙoƙo ba ne da zai cika ya zube. In wata malama ta kira ki kan yaro ba ya magana, ki kwana a kan maganar kafin ki yanke hukunci. Tsoro ne ya yanke nawa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai babanki. Watan jiya, ƙarshen duti, ƙafafuna sun kumbura, na tsaya ina yi wa wani matashin likita bayanin mara lafiya. Na yi nisa sai na ga ya zuba mini ido. Ashe da Hausa nake yi tun daga farko, ban sani ba. Muka yi dariya, na ce gajiya ce, kuma mai yiwuwa ita ce. Amma da na shiga mota ban iya tayar da ita nan da nan ba. Aikina ne, na san yadda ƙwaƙwalwa ke sauke kaya in ta gaji, na ƙarshen ɗauka shi take fara ajiyewa. In ranar ta zo mini, babanki zai ji ni, domin shi ya koyi nawa. In shi ta fara zo wa, ba mai jinsa a gidan nan. Ni ce zan tsaya a kansa ina gyara masa filo, yana tambayar baƙo me ya sa matar nan ba ta magana.

Ba na ce ki fasa tafiya ba, ba na kuma ce ki ɗauki nauyin abin da ni na ɓata ba. Roƙona kaɗan ne. In kin kira waya, ki amsa mini da Hausa ko yaya ta fito. In kalma ta ɓace miki ki tambaya, ina da su da yawa, ba wanda nake ba wa.

Babanki ya shigo ya same ni ina rubutun nan. Na ce ko yana da saƙo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi wata magana da Angasanci, 'yar doguwa, ya ce albarkar da uwarsa ta sa masa ce ranar da zai bar Pankshin. Na miƙa masa biro, ya ce bai taɓa ganinta a rubuce ba, zai faɗa miki da bakinsa a filin jirgin Dulles kafin ku shiga. In ya fara, ki ajiye jaka ki tsaya. Kada ki duba agogo, kada ki ce "Amin" da sauri don ya gama. In ya kai ƙarshe, ki tambaye shi ma'anarta, ina tsaye kusa da ke zan ji.

Allah ya tsare ki a sama da ƙasa, ya tsare ki daga sanyin ƙasar da sanyin mutane. Ya ba ki kunne kafin baki. Ya sa surukarki ta same ki 'ya, ya ba ku zaman lafiya ke da Pita har tsufa, kuna jin juna. Ki gaishe shi, ki gaida iyayensa da kyau in kun isa. Ƙanenki yana gaisuwa.

Hannuna ya gaji, zan tsaya nan.

Ni ce mamanki,
Rifkatu